Mai Ƙara, Mai Bincike, Mai Hukunci: Damagaram a 1906 da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Maris na shekarar 1906, hafsoshin Faransa da ke riƙe da Zinder suka kama Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa, wanda su da kansu suka ɗora bisa gadon sarauta a 1899. Tuhumar da aka yi masa ita ce wai ya haɗa baki da wasu manyan gari domin a auka wa Nasaran da ke birnin a hallaka su. Ba shi kaɗai abin ya rutsa da shi ba. Cikin waɗanda aka tsare har da Malam Yaro, attajirin nan da fataken Sahara suka sani tun daga Kano har Tarabulus, wanda ya karɓi ayarin Foureau da Lamy hannu bibbiyu lokacin da suka iso gari a wahale cikin Nuwamba 1899, da kuma Ali Diallo, tafintan da Faransawan ke jin maganar mutanen ƙasa ta bakinsa. Aka tuɓe sarki, aka kai shi Kwaddebuwa, aka bar Damagaram shekara goma sha bakwai babu sarki. Ragamar gari kuwa aka miƙa ta ga Ballama, ɗaya daga cikin babannin fada. Sai a 1923 aka sake naɗa sarki daga gidan sarauta, wato Barma Mustafa.

Masu tarihi sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko makircin ya tabbata. André Salifou, wanda ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, ya ɗauki lamarin a matsayin yunƙurin tsayayya da mamaya, har ya mayar da shi wasan kwaikwayo, daga bisani Mahamane Bakabé ya yi fim ɗinsa a farkon shekarun 1980. Camille Lefebvre kuwa ta koma ga takardun zamanin, a maƙalarta ta 2017 da littafinta na 2021, ta nuna yadda jita-jita da tsoro da gabar cikin fada suka haɗu suka tayar da wannan ƙura. Kowane ɓangare yana da abin da ya dogara da shi. Amma akwai wata tambaya da ke tsaye ko da makircin gaskiya ne, ko da ƙage ne: wane ne ya auna shaidun, kuma mece ce tasa moriyar a cikin sakamakon?

Domin a ga nauyin wannan tambaya, dole a fara waiwayar abin da malaman Damagaram suka sani game da shari'a kafin zuwan Nasara. Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Borno take kai wa gaisuwa, kuma daga gabas mafi yawan al'adun fadarta suka zo. Duk da haka littattafan da alƙalin Zinder ke buɗewa su ne dai waɗanda alƙalin Kano ko na Kukawa ke buɗewa: Risala ta Ibn Abi Zaid, Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim wadda aka tsara musamman domin masu hukunci. Wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin shaida a cikin waɗannan littattafai ya san cewa mazhabar Malikiyya ba ta yarda da kowane baki ba. Uba ba ya yi wa ɗansa shaida, ɗa ba ya yi wa ubansa, miji da mata ba sa yi wa juna. Wanda ke da gabar duniya da mutum ba a karɓar shaidarsa a kansa. Haka nan wanda shaidarsa za ta jawo masa amfani, ko ta tunkuɗe masa wata cuta, ana ajiye maganarsa gefe, komai kyan halinsa a sauran al'amura. Kafin a yi aiki da shaidar wanda alƙali bai sani ba, sai an sami adilai sun tsarkake shi, a fili da kuma a ɓoye. Wanda aka yi shaida a kansa yana da damar ya soki mai shaidar, ya kawo dalilin da zai zubar da adalcinsa. Kuma kafin alƙali ya yanke, wajibi ne ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, abin da malamai ke kira i'izari. Shi kansa alƙalin bai tsira daga wannan tankaɗe ba. Ba ya yi wa kansa hukunci, ba ya yi wa wanda ba zai iya yi wa shaida ba, ba ya yanke wa abokin gabarsa, kuma a mazhabar Malik ba ya gina hukunci a kan abin da shi kaɗai ya sani.

Wannan shi ne abin da ke cikin littafi. Abin da ke faruwa a ƙofar fada wani lamari ne dabam, kuma ba daidai ba ne a yi wa zamanin da ya shuɗe kwalliyar da ba tasa ba. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zinder a Janairu 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya bar bayani mai tayar da hankali game da yawan kisa da umarnin sarki da kuma sayar da mutane bayi a kan ƙananan laifuka. Ana iya rage wani abu daga maganarsa, domin ɗan gwagwarmayar hana cinikin bayi ne kuma baƙo ne da bai daɗe ba, amma ba a iya share ta gaba ɗaya. Rikicin gado da bashi da aure na alƙali ne. Abin da ya taɓa sarauta kuwa, cin amana ko tawaye ko haɗa kai da abokan gaba, na sarki ne, kuma a nan sarki shi ne wanda aka yi wa laifi, shi ne kuma mai yankewa. Haka abin ya ci gaba a zamanin Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya tara bindigogi da igwa har rasuwarsa a 1884. Sa'an nan akwai wani giɓi a cikin fiƙihun kansa: shaidar bawa ba ta karɓuwa. Dokar da ta toshe ƙofar son zuciya ita ce kuma ta rufe bakin babban ɓangare na mutanen birnin, har da bayin fada waɗanda suka fi kowa sanin abin da ake ƙullawa a cikin zaure.

Faransawan 1906 sun zo wa wannan gari da tabon da bai warke ba. Ran 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, bayan an karɓe su a matsayin baƙi. A ƙarshen Yuli 1899 ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar toka da gawawwaki tun daga bakin Kwara har Birnin Ƙonni, ta karya dakarun Damagaram a Tirmini, cikin Satumba kuma aka kashe Kuran Daga. Sansanin da suka gina bisa dutse suka raɗa masa sunan Cazemajou, don haka duk hafsan da ya kwana a ciki ya kwana da labarin yadda aka yi wa na gabansa. Ga su ƴan ƙalilan a tsakiyar dubban mutanen da ba sa jin harshensu. Sai kuma labarai suka fara shigowa daga yamma. A ƙarshen 1905 da farkon 1906 aka yi boren Kobkitanda a ƙasar Dosso da na Karma a bakin Kwara. Cikin Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka karya rundunar Ingilishi suka kashe Turawa uku, kuma cikin jagororinsu akwai makahon malamin nan Alfa Saibu wanda ya tsero daga ɓangaren Faransa. An rusa Satiru ran 10 ga Maris. A cikin wannan watan ne aka kama Sarkin Damagaram. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura.

Ba laifi ba ne mutum ya ji tsoro. Matsalar tana inda aka ce mai tsoron shi ne zai tantance ko abin da ya tsorata shi gaskiya ne. A ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin soja, kamar yadda Zinder take a lokacin, hafsa ɗaya ne ke karɓar haraji, ya tsare gari, ya yi bincike, ya kuma zauna kujerar shari'a. Su aka ce za a kashe, su suka tattara maganganun masu tona asiri, su suka rubuta rahoton da na sama za su karanta. In an auna wannan da ma'aunin Tuhfa, kowane mataki ya faɗi. In an auna shi da ma'aunin dokar Faransa ta wancan zamani ma haka ne, domin a Faransa alƙalin da ya binciki babban laifi ba ya zama cikin masu yanke hukuncinsa. Ƙari a kan haka, tafinta na cikin waɗanda ake tuhuma. A wurin da mai tambaya ba ya jin Hausa ko Barbarci, wanda ake tambaya kuma ba ya jin Faransanci, tafinta shi ne kunnen kotu. In aka ce kunnen da aka daɗe ana ji da shi maci amana ne, to duk abin da aka ji a baya ya shiga shakka, wanda ya maye gurbinsa kuwa ya san irin maganar da iyayen gidansa ke jira.

Sai batun Ballama. Labarin makircin daga cikin fada ya fito, kuma sunansa ne aka fi dangantawa da fitowarsa, a bakin mutanen gari da kuma a rubuce-rubucen masu tarihi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne inda ya ƙare: wanda jiya yake bawa a ƙofar sarki, ya wayi gari yana riƙe da ƙasar sarki. Da gaban alƙalin Birni aka kawo maganar, da sau biyu za a ƙi shaidarsa, na farko domin shi bawa ne, na biyu domin ta jawo masa amfani. Dalili na farko zalunci ne da zamani ya yi watsi da shi, na biyu kuwa har gobe yana nan daram a kowace dokar shari'a. Faransawa sun ture na farko, kuma sun yi haka ne watanni kaɗan bayan dokar 12 ga Disamba 1905 wadda ta haramta bautar da mutum da cinikinsa a Afirka ta Yamma ta Faransa, a daidai lokacin da dangantakar bayi da iyayen gijinsu ke girgiza a ko'ina. Amma da suka ture na farko sai suka haɗa da na biyu. Suka buɗe kunne ga mutanen da a da ba a saurare, ba tare da sun tambayi abin da kowannensu zai samu ba.

A takarda, Faransa ta riga ta tanadi maganin irin wannan. Dokar 10 ga Nuwamba 1903, zamanin Gwamna Janar Ernest Roume, ta tsara shari'ar ƴan ƙasa hawa-hawa. Akwai ta ƙauye a hannun mai gari, domin sulhu da ƙananan laifuka. Akwai ta lardi, wadda basarake ke shugabanta tare da dattawa biyu, ɗayansu alƙali ne in ƙasar Musulmi ce. Sama da ita akwai ta kumandan, shi ma da dattawa biyu a gefensa, wadda ke sauraron manyan laifuka da ƙarar da aka ɗaukaka daga ta lardi. A can ƙoli kuma, a cikin kotun ɗaukaka ƙara ta Dakar, aka kafa wani zaure na musamman da Faransawa ke kira chambre d'homologation, wanda sai ya sa hannu kafin a zartar da hukuncin da ya haura ɗaurin shekara biyar. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan tsari ba maras kyau ba ne: mutumin da ke nesa da ƙurar rikici, wanda ba a yi barazanar kashe shi ba, wanda ba shi da aboki ko maƙiyi a gari, ya fi dacewa ya sake duba abin da aka yanke da zafin rai.

Sai dai tsakanin Zinder da Dakar akwai kusan kilomita 2,800 a miƙe, kuma abin da ke tafiya can takarda ce, mutum ba ya zuwa. Alƙalan Dakar ba sa ganin fuskar mai shaida, ba sa jin rawar muryarsa, ba su san wa ke auren ƙanwar wa ba. Abin da ke gabansu shi ne abin da kumandan ya rubuta, da Faransancin kumandan, daga fassarar tafintan kumandan. Lauya ba shi da izinin tsayawa a kotunan ƴan ƙasa, balle ya tashi ya ce wannan dattijo da ke gefen shugaba abokin gabar wanda ake tuhuma ne. Saboda haka kurakuran da zauren Dakar ya fi iya kamawa su ne waɗanda ke bayyana a fuskar takarda: an manta sunan mai taya zama, ba a rubuta an ji ta bakin wanda ake tuhuma ba, hukunci ya wuce iyakar da doka ta sa. Son zuciya kuwa ba ya barin irin wannan sawu. Kumandan mai tsabtar rubutu yana iya aika zalunci cikakke ya dawo masa da hatimi.

Ga manyan mutane irin sarakuna da malamai ma akwai wata hanya da ba ta bi ta kotu ko kaɗan. Dokar 21 ga Nuwamba 1904 ta ba Gwamna Janar ikon ya tsare duk ɗan ƙasar da aka ce yana tayar da fitinar siyasa, ya nisanta shi da garinsa har tsawon shekara goma, ya kuma riƙe dukiyarsa, ba tare da an tabbatar da laifi a gaban alƙali ba. Ga talaka kuma akwai dokar indijena, wadda ta ba kumandan damar ɗaure mutum kwana goma sha biyar ko ya ci shi tarar faran 100 nan take, ba zama, ba shaida. Wato an gina matakalar ɗaukaka ƙara, aka kuma bar ƙofar baya a buɗe ga duk lamarin da mulki ya ga ba zai jure a duba shi ba.

An yi wa tsarin gyare-gyare a 1912, da 1924, da 1931. Sunayen kotuna sun sauya, kujerar shugabanci kuma ta yi ta matsawa zuwa hannun jami'in Bature. Dokar 3 ga Disamba 1931 ta kafa kotun ɗaukaka ƙara a babban birnin kowace ƙasar mallaka, ta bar wa Dakar ikon soke hukunci. A lokacin Zinder ta riga ta rasa matsayin babban birni, wanda ta riƙe daga 1911 zuwa 1926, don haka ƙarar Badamagare sai ta nufi Yamai. Abin da bai sauya ba shi ne matsayin dattawan nan biyu. Gwamna ke naɗa su, amma kumandan ne ya san su, kuma daga cikin masu sarauta da malaman da ke ɗasawa da bariki ake tsamo su. An kawo su ne domin su gaya wa Bature abin da al'ada ta ce, kuma da yawansu sun yi wannan aiki da tsoron Allah. Amma mutumin da gobe zai je karɓar haraji ko tara ƴan aikin tilas a ƙauyen mai ƙara, yau yana zaune yana faɗin al'adar da za a yi wa mai ƙarar hukunci da ita. Talakan da ya gane wannan ba shi da inda zai kai kuka sai gaban wanda ya zaɓo dattijon. Sai a 1946 aka soke indijena, dokar 30 ga Afrilu ta wannan shekara kuma ta ɗauke shari'ar laifuka daga kotunan ƴan ƙasa ta mayar da kowa ƙarƙashin dokar laifuka ta Faransa.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta gaji abu biyu daga wannan tarihi, kuma kowannensu ya zo da tsohuwar tambayar a cikin sabuwar riga. Na farko shi ne kotun manyan laifuka mai ƴan ƙasa a cikinta. Dokar 14 ga Agusta 1961 ta kwaikwayi tsarin Faransa, inda tun 1791 ake zaɓo talakawa su zauna shari'ar kisa da makamantanta. A lokacin, alƙalai uku ne ke zama tare da ƴan ƙasar da aka fitar da sunayensu ta hanyar ƙuri'a, wanda ake tuhuma kuma yana iya ƙin wasu daga cikinsu ba tare da ya faɗi dalili ba. A da, hukuncin wannan kotu ba a ɗaukaka shi a sake sauraron shaidu, sai dai a kai shi kotun ƙoli ta duba ko an saɓa wa doka. Faransa kanta sai da dokar 15 ga Yuni 2000 ta buɗe wannan ƙofa, Nijar kuma ta yi nata gyaran a 2019, lokacin da aka mayar da manyan laifuka ga sassa na musamman a cikin manyan kotuna, aka ba wanda aka yanke wa hukunci damar ɗaukaka ƙara.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna cewa ƙuri'a ba ta wanke zuciya. A 1989 aka gurfanar da Saïd Remli, ɗan asalin Aljeriya, gaban kotun manyan laifuka ta Lyon. Wata mata ta rubuta cewa ta ji ɗaya daga cikin ƴan ƙasar da aka zaɓa yana faɗi da bakinsa cewa shi mai ƙyamar wasu jinsuna ne. Lauyoyi suka nemi a rubuta wannan a cikin kundin zama, kotu ta ƙi, da hujjar cewa ba a gabanta aka yi maganar ba. Kotun ƙolin Faransa ta goyi bayanta. Sai ran 23 ga Afrilu 1996 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce an tauye masa haƙƙi, domin kotun da aka kawo wa zargi mai nauyi irin wannan wajibi ne ta bincika. A Amurka, Curtis Flowers, baƙar fata daga jihar Misisipi, an yi masa shari'a sau shida a kan tuhuma ɗaya, mai gabatar da ƙara guda ya ture 41 daga cikin baƙaƙen fata 42 da suka zo zaɓen masu zama, har kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2019. A nan haƙƙin ƙin mai zama, wanda aka ƙirƙiro domin kare adalci, shi ne aka mayar makamin son zuciya.

Amma cutar Lyon da ta Misisipi ƙiyayyar baƙo ce. Ta gari irin Zinder sau da yawa akasin haka ce, wato kusanci. A birnin da Birni da Zango da Sabon Gari ke haɗe da auratayya da makaranta da kasuwa da jam'iyya, da wuya a sami dattijon da bai taɓa cin abinci a gidan ɗayan ɓangarorin ba. Kunya kaɗai, ba tare da ko dala ta sauya hannu ba, tana iya karkatar da harshen mutumin kirki. Fiƙihun da ya lissafa dangi da maƙiya da masu moriya ɗaya bayan ɗaya ya fi fahimtar irin wannan al'umma fiye da dokar da ta ɗauka cewa masu zama baƙin juna ne.

Wannan ya fi fitowa fili a gado na biyu, wanda ya fi shafar rayuwar yau da kullum. Dokar 16 ga Maris 1962 kan tsarin kotuna, da waɗanda suka gaje ta a 2004 da 2018, sun bar al'amuran aure da saki da gado da gonakin da ba su da rajista a ƙarƙashin al'adar masu shari'a. Alƙalin da ya yi karatun doka da Faransanci, wanda sau da yawa daga wata jiha aka turo shi, yana zama da mutum biyu masana al'adar ɓangarorin, suna ba shi shawara, shi kuma ya yanke. Jikokin dattawan 1903 ke nan, sai dai yanzu ba kumandan a tsakiyarsu. Kotun ƙolin Nijar, wadda sunanta ya sauya sau da dama tare da sauyin gwamnatoci, ta soke hukunce-hukunce masu yawa na irin waɗannan shari'u, kuma dalilan da take bayarwa suna maimaita kansu: ba a ambaci al'adar masu taya zama ba, ko al'adarsu ba ta ɓangarorin ba ce, ko ba a rubuta cikakken bayanin al'adar da aka yi aiki da ita ba. Wannan tsanantawa tana da amfaninta, domin tana hana a yi wa makiyayi hukunci da al'adar manomi ba tare da kowa ya lura ba, tana kuma tilasta wa alƙali ya fito da ƙa'idarsa fili inda za a iya ƙalubalantarta. Ko gidan sarautar Damagaram ya ga bambancin zamani: Sarki Abubakar Sanda da gwamnati ta tuɓe a 2001 ya koma gadonsa a 2011 bayan hukuncin kotu, hanyar da Amadu ɗan Basa bai samu ba.

Duk da haka, abin da alƙalan Yamai ke dubawa shi ne abin da alƙalan Dakar suka duba, wato takarda. Tana nuna sunan mai taya zama, tana nuna cewa Bahaushe ne ko Babarbare ko Bafillace ko Ba'abzine. Ba ta nuna cewa surukin mai gonar da ake jayayya a kai ba ne, sai in ɗayan ɓangaren ya san yana da ikon faɗin haka, ya kuma faɗa a kan lokaci, a gaban dattijon da zai ci gaba da gamuwa da shi a masallaci da wurin jana'iza. In kotun ƙoli ta soke hukunci, takan mayar da shari'ar a sake ta da wasu masu zama dabam. Manoman Mirriya ko Magarya ko Matamai sai su sake biyan kuɗin mota zuwa kotu, su sake kawo shaidu, waɗanda wasunsu sun tsufa wasu sun rasu, damina kuma ta sauka, wanda gonar ke hannunsa ya sake shuka hatsi a cikinta.